Minti Goma Sha Tara a Tsohuwar Maƙabarta

Ranar da Hansai ta gama wankan jego, ranar labarin maƙabarta ya iso. Kwana arba'in cif tana fama da ruwan zafi da kunun kanwa, ta yi jajir, ta murje, 'yar tata kuwa tubarkalla, ga gashi ga kumatu, in ta yi hamma sai matan gidan hayar nan na Sabon Gari su taru suna kallo kamar ba su taɓa ganin jariri ba. Sunan mahaifiyar Hansai aka sa mata, Fatsuma, don haka ba mai kama sunan, Ummi ake ce mata. Da yake Hansai ba uwa ba uba, a ɗakinta ta yi jegon, maƙociya ce ta riƙa yi mata wanka. To ta sha lalle hannu da ƙafa, ta ciro atamfar fita, tana lissafa gidajen da za ta zaga yawon arba'in, sai ga mijinta Tasi'u ya dawo daga ƙauyen iyayenta fuska ba walwala.

Tasi'u direba ne a jami'a, dogo ne siriri, kuma mutum ne mai surutu. Ranar kuwa ko Ummi bai ɗauka ba.

"Baban Ummi, lafiya? Ko motar ce?"

"Mota ƙalau take. Gaɓa ce ta sake zubewa."

Ƙauyen su Hansai, Gaɓar Ɗinya, a bakin kogi yake, kuma tsohuwar maƙabartarsu a kan gaɓar take. Shekara da shekaru ruwa na gutsurarta kaɗan-kaɗan. Bana abin ya wuce kaɗan-kaɗan. Tasi'u ya ce da idonsa ya ga bakin likkafani ya leƙo daga jikin gaɓa, iska na kaɗa shi. Mai unguwa Maikano da liman sun zauna, sun yanke cewa ranar Alhamis maza za su fito da fatanya da shebur, duk kabarin da aka san mai shi a tone, a mai da shi sabuwar maƙabarta a kan tudu. Wanda ba a gane ba sai a bar shi da addu'a, don ba ƙarfin da za a bi filin nan kaf a tone kafin babban ruwa ya sauko.

Hansai ta ajiye atamfar. Innarta tana cikin filin nan. Tana 'yar shekara tara aka ɗauke ta a makara, ita tana bayan ƙofa tana leƙe ta zana, don mace ba ta bin gawa, ba ta shiga maƙabarta. Kabari kuma a wurinsu ba a rubutu, ba a gini, sai dai a kifa fasasshen tulu ko a dasa ƙirare, wanda ya binne shi ya sani. Tulun da aka kifa wa Inna ambaliyar bara ta tafi da shi tare da na kowa. Ɗan'uwa namiji ba ta da shi. Mutum ɗaya ne ya san wurin ko da ido a rufe, babanta Malam Haladu masunci, shi kuma shekara biyu ke nan da aka kai shi kan tudu.

"Baba Maikano fa? Ai da shi aka binne ta."

"Na tambaye shi. Ya ce shekara sha huɗu, ya binne mutum ya fi ɗari a wurin nan. Gabas da ɗinya dai, shi ke nan abin da ya riƙe."

Ta zauna a bakin gado, Ummi na tsotso, ita tana kallon bango. Tunda ta haihu ba ranar da ba ta tuna Inna ba, amma tunani ne mai daɗi, irin na a ce da tana nan da ta ga kumatun nan. Yanzu kuwa da ta lumshe ido sai ta ga farin ƙyalle na tafiya a kan ruwa, yana wucewa ƙarƙashin gadar Wudil, motocin Maiduguri na gudu a sama ba wanda ya sani.

Sai kawai ta zabura, har nonon ya kuɓuce wa Ummi.

"Rikoda! Baban Ummi, rikodar Dakta!"

To ga yadda abin yake. Shekara uku da suka wuce wata malamar jami'a, Dakta Khaulat, ta riƙa zuwa ƙauyukan bakin kogi da wani bincike. Ba nata ne ita kaɗai ba, na haɗin gwiwa ne, ƙasashe wajen goma, duk inda ke da kogin da yake cin mutanensa. Tambayarsu ɗaya ce a ko'ina: yaya kuke son duniya ta zama nan da shekara talatin, kuma wa ya kamata ya riƙa yanke hukunci a kan ruwa da ƙasa da iska? Wai za a tara amsoshin a kai wa manyan da ke zama suna tsara wa duniya dokokin muhalli. Tasi'u ne ya riƙa tuƙa ta, a can ma ya fara ganin Hansai tana shanyar kifi. Dakta ba ta zama a tabarma ta yi tambaya, sai ta ce mutum ya tashi ya zaga da ita, ya nuna mata abin da yake tsoron rasawa. Da aka zo kan Malam Haladu bai kai ta wurin kwale-kwalensa ba, maƙabarta ya nufa. A gindin ɗinyar bakin maƙabartar ta ja ta tsaya, ita ma mace ce. Sai ta maƙala masa 'yar rikodar a wuyan riga, ta ce ya shiga ya faɗi duk abin da ya gani, tana jira.

Hansai ba ta manta ba, ranar ya dawo gida yana dariya shi kaɗai, ya ce, "Yau na kai wa uwarki baƙi daga ƙasa goma."

Washegari Talata, yawon arba'in ɗin Hansai a jami'a ya fara. Ba ta taɓa shiga ba, ita da ta tsaya a aji biyu na ƙaramar sakandare. Ta goya Ummi, ta sha mayafi, tana bin bayan Tasi'u tana kallon benaye. Ofishin Dakta Khaulat ƙarami ne, takardu har kan kujera. Ita kuma 'yar gajeriya ce mai gilashi, da ta ga jaririya sai ta watsar da biro.

"Iye! Tasi'u, ashe haka ka iya? Miƙo min ita. Kai, wannan ai ba kamarka ba ce, Allah ya rufa mata asiri."

"Haba Dakta, hancin nan fa nawa ne."

"Hancin ne kawai abin tausayi a jikinta. Maman Ummi, sannu da arziki, ya jego? Ya ruwan zafi? An fita lafiya?"

"Lafiya ƙalau, Anti. Ya aiki, ya gida, ya yara?"

Aka gaisa, aka sake gaisawa. Dakta ta jawo wani littafi mai kauri da hoton duniya a bangonsa, ta ce ai daman tana son nuna mata wani abu. Ta buɗe shi, ga hoton wani zaure ƙato a wata ƙasa, mutane ɗaruruwa da kwat, a gabansu allo kamar bangon gida, da rubutu layi ɗaya da Turanci. Ta fassara mata: "Wanda ke buɗe ruwan nan bai taɓa ganin fuskata ba."

Hansai ta dafe ƙirji. "Baba ne! Wallahi Baba ne! Kullum in an buɗe dam ruwa ya tashi sai ya faɗa. Baban Ummi ka gani? Maganar Baba a allo! Ina sunansa?"

"Ga shi a ƙasa. Masunci, lamba goma sha huɗu."

"Lamba?"

Dakta ta gyara gilashi. Ta ce haka dokar binciken take, ba a sa sunan kowa. Akwai waɗanda suka yi magana a kan masu tifar yashi, akwai waɗanda suka zagi hukuma, an yi musu alkawari ba wanda zai san su wane ne. Kuma an yi alkawari bayan shekara uku za a goge muryoyin gaba ɗaya, na ƙasa goman, rana ɗaya, daga can babbar kwamfutar da ke ƙasar waje.

"Yaushe ne shekara ukun?" in ji Tasi'u.

"Juma'ar nan."

Hansai ta karɓi Ummi, ta rungume, ta faɗi abin da ya kawo su tun daga gaɓa har tulun da ruwa ya tafi da shi. Dakta ta juya ga kwamfuta, ta yi ta danne-danne, ta fito da takardar da aka kwafe hirar lamba goma sha huɗu. Shafi shida. A tsakiya akwai layi ɗaya, ta karanta shi a hankali kamar tana jin kunyarsa: daga nan zuwa minti goma sha tara, mai amsa yana gaishe-gaishe, babu bayani mai amfani.

"Gaishe-gaishe da wa?" in ji Tasi'u. "Shi kaɗai fa ya shiga."

Fankar sama na ta juyawa, Hansai ta ji tsigar jikinta ta tashi.

"Anti, ke kin saurara?"

"Ban saurara ba. Hira saba'in da biyu na yi, wasu aka ba su kwafe, aka ce su tsallake gaisuwa don kada aiki ya yi yawa. Mutanenmu kin san mu, rabin hira ina kwana ne."

"To a kunna mana mana."

"Ƙanwata, ba ni da iko. Na sa hannu ba zan jiyar da kowa ba, ko ɗan mutum ne ko matarsa. Bari in rubuta wa shugabar binciken, in roƙe ta."

Ta rubuta a gabansu, doguwar wasiƙa, har da hoton gaɓar da Tasi'u ya ɗauko. Laraba da hantsi amsa ta zo, Tasi'u ya kawo ta gida da baki. Matar ta yi ta'aziyya, ta ce abin ya taɓa zuciyarta ƙwarai. Amma mai muryar ya rasu, ba zai iya ba da izini ba, sai kwamitin ladabin bincike ya zauna, kuma zamansa na gaba a watan Oktoba ne. Gogewa kuwa ba a hannunta take ba, an riga an saita.

"Oktoba," in ji Hansai. "Ka gaya mata kogin bai san Oktoba ba?"

"Ni direba ne, Hansai."

"To ni zan koma."

Ba ta ma koma ba. Bayan la'asar suka ji sallama, sai ga Dakta Khaulat a tsakar gidan haya, takalminta duk caɓi, jakar kwamfuta a kafaɗa. Ba ta tsaya doguwar gaisuwa ba. Idonta ya yi ja.

"Na saurara," ta ce. "Minti huɗu na iya, na kashe."

"Me ya ce?"

"Gaishe su yake yi. Ɗaya bayan ɗaya, da sunansu, yana tafiya. Ana jin takunsa." Ta zauna a kan turmi ba tare da an ba ta wuri ba. "Shekara uku ina yawo da maganar mutumin nan, ƙasa huɗu na je da ita, an tafa min. Ban taɓa jin inda ya je da rikodata ba. Ba zan ba ku kwafi ba, wannan alkawarin ba zan karya ba. Amma gobe zan je da wayata, zan kunna, in an gama shi ke nan. Kuma zan rubuta musu in gaya musu na yi."

"Ba za su kore ki ba, Dakta?" in ji Tasi'u.

"Daga jami'a a'a. Daga binciken, wataƙila su cire sunana. Sai in zama lamba ni ma."

Alhamis gari ya waye da hadari a gabas, baƙi ƙirin, amma bai sauko ba. Ƙarfe tara suna Gaɓar Ɗinya. Maza wajen talatin sun riga sun shiga da fatanya, an shimfiɗa sababbin fararen yadi a kan tabarmi, liman na zaune yana yanka su gida-gida. Mata suna can nesa a bakin hanya, a tsaye cirko-cirko, ba mai magana da ƙarfi. Hansai da Dakta suka matsa har gindin ɗinya, iyakar inda mace ke tsayawa. Daga nan ana hango kogin, ja wur, ya cika ya batse, yana tafiya ba ƙara. Lokaci-lokaci sai a ji tim, wani ɓangaren gaɓa ya faɗa.

Mai unguwa Maikano ya zo yana dogara sanda, tsoho gajere mai farin gemu. Tare suka tashi da Malam Haladu, tare suka koyi jefa koma. Da aka yi masa bayani sai ya yi tsaki.

"Haladu ne zai nuna mana hanya? Mutumin da ko kasuwar Juma'a ya shiga sai an nemo shi? To kunna mu ji."

Dakta ta danna. Aka ji shuuu na iska, aka ji muryarta ta da tana cewa, Baba ka shiga, ina nan. Sai tari, irin busasshen tarin nan guda biyu da yake yi kafin ya yi magana. Hansai ta dafa ɗinyar.

"Assalamu alaikum mutan gida. Ni ne dai, Haladu. Yau da baƙi nake tafe, kada ku tsorata, a wuyana suke."

Sandar Maikano ta faɗi, bai sunkuya ya ɗauka ba.

Tasi'u ne ya fara gwadawa. Ya riƙe wayar a kunne, ya tsaya daidai tushen ɗinya, yana jin ƙarar silifas ɗin tsohon, fat, fat, yana taka ƙafa tare da shi. Hansai na kallon bayansa. Ya miƙe gabas, ya karya dama, ya ci gaba, ya ci gaba, sai ga shi ya ja ya tsaya a bakin gaɓa, ƙasa na marmashewa a ƙarƙashin yatsunsa. Ya juyo, ya dawo da sauri, fuskarsa ta yi fari.

"Ƙasar ta ƙare, shi kuma bai tsaya ba. Yana ta tafiya."

Hansai ta jingina da ɗinyar. Wato an makara ke nan, Inna ta riga ta bi ruwa, wataƙila tun bara, wataƙila tana cikin wankan jego ruwan da aka ɗebo mata ya bi ta kanta. Ummi ta farka a baya ta fara ƙananan kuka, ita ko jijjigawa ta kasa.

"Kai dogo," in ji Maikano, "da waɗannan ƙafafun naka kamar na raƙumi za ka auna Haladu? Takunka ɗaya nasa biyu ne. Kawo nan. Tsawonmu ɗaya da shi, riga ɗaya muke sawa ranar salla, shi da safe ni da yamma. 'Yar boko, mayar da shi farko. Kuma buɗe shi da ƙarfi, kunnena ba na waya ba ne."

Dakta ta dubi mazan da suka fara ajiye fatanya suna matsowa. Sannan ta ƙure sautin, ta sa masa wayar a aljihun gaba, daidai inda rikodar ta taɓa zama a jikin abokinsa.

Tari biyu. Sallama. Wannan karon Maikano ya amsa, "Wa alaikumus salam," ya ɗaga ƙafa.

Fat, fat, fat. Tsohon na tafiya, muryar na fita daga ƙirjinsa.

"Halliru, ina kwana. Ya kwanciya? Ɗanka ya sayi babur, yana nema ya kashe kansa."

Wani magidanci a cikin masu tono ya saki shebur ya toshe baki. Kabarin da yake tsaye a kai, wanda ya riga ya sani na babansa ne, daidai nan Maikano yake. Aka fara salati ƙasa-ƙasa.

"Bari in karya dama kada in taka Bilya, da ransa ma ba ya son a taɓa shi."

"Ƙwarai kuwa," in ji Maikano, ya karya dama. Wani ya ruga ya kafa kara a wurin, don Bilya yana cikin waɗanda aka fid da rai da ganewa.

"Gwaggo Saudatu, barka da hutawa. Tsamiyarki ta faɗi, na gaya miki bara, kada ki ce ban faɗa ba."

Aka kafa wani karan. Yanzu mazan duk sun bi bayan Maikano a jere, a hankali, ba mai wuce shi, kamar masu rakiyar gawa. Muryar kuwa tana nisa. Hansai ta miƙa wuya, ta ɗaga mayafi daga kunne. Da farko tana jin kalma-kalma, daga baya sai amon kawai, hawa da saukar muryar Baba, daga baya iska ta kwashe. Ta taka ɗaya gaba, ta ga tushen ɗinya a ƙarƙashin ƙafarta, ta dawo da ƙafar. Shekara biyu ba ta ji muryar nan ba, ga ta tana tafiya ta bar ta a bakin ƙofa kamar ranar Inna.

Dakta ta riƙe mata hannu. Tafin Dakta sanyi ƙalau.

Can suka ga Maikano ya tsaya. Tsakaninsa da bakin gaɓa bai fi tsawon tabarma biyu ba. Ya juya ya yi wa mazan alama da hannu su ja baya, suka ja, har Tasi'u. Shi kaɗai ya tsuguna a wurin, kansa a sunkuye, ya daɗe. Wayar na aljihunsa tana magana, ba mai ji sai shi. Dakta ta duba agogo. Minti takwas ya yi tafiya, sauran goma sha ɗayan a nan ya yi su.

Da ya miƙe, da ƙafa ya zana wurin a ƙasa, aka sa fatanya. Shi kuma ya tako ya dawo gindin ɗinya, ya zaro wayar da hannu biyu ya miƙa wa Dakta. Gemunsa a jiƙe.

"Baba Maikano, me ya ce mata?"

"Maganar mutum da iyalinsa ce, 'yar nan."

"Ya ambace ni?"

"Ya ambace ki." Ya ɗauki sandarsa daga ƙasa. "Ya ce wani dogon direba na ta zarya, bai san ko mutumin kirki ba ne. Sauran ba nawa ba ne." Ya koma ciki.

Aka ci gaba da tono. Ƙasar jiƙaƙƙiya ce, ba ta da wuya. Hadarin ya matso, iska ta fara kaɗa yadin liman. Dakta ta laluba jaka ta fito da abin sawa a kunne, ta jona a wayar.

"Maman Ummi. Gobe war haka babu shi a ko'ina a duniya. Na riga na karya doka, in na ƙara ke ba abin da ya ƙaru. Ga shi, daga minti na takwas."

Hansai ta karɓa, ta sa ɗaya a kunne. Shuuu na iska. Ƙarar ruwa kusa-kusa. Nishin tsoho yana tsugunawa, ƙashin gwiwarsa ya yi ƙas. Sai ya yi magana, da wata murya da ba ta taɓa sanin yana da ita ba, ƙasa-ƙasa, mai laushi, kamar ta saurayi a zaure.

"Fatsuma. Ni ne. Kin yi fushi ko, kwana biyu ban zo ba."

Ta fizge abin daga kunne kamar ya ƙone ta. A rayuwarta ba ta taɓa jin Baba ya kama sunan Inna ba, uwar Hansai yake cewa, ko ke. Ji ta yi kamar ta ɗaga labulen ɗakinsu ba sallama.

"Ki ƙarasa mana," in ji Dakta. "Ba za ki sake samu ba fa."

"A'a, Anti. Ba da ni yake ba."

"Kin tabbata?"

Ba ta tabbata ba. Ta kalli wayar, layin na ta tafiya, Baba na can ciki yana magana a tafin hannun Dakta ba mai saurare. Ta kwance goyo ta juyo da Ummi gaba, ta cusa fuska a wuyanta, ta bar shi ya yi ta yi har layin ya kai ƙarshe.

Daga cikin maƙabarta aka ɗaga murya da kabbara. Tasi'u ya taho da gudu-gudu, laka har gwiwa.

"An samu itacen rufi. Hansai, tana nan. Gefen ƙafa ruwa ya fara tsattsafowa, da an ƙara kwana uku..." Bai ƙarasa ba.

"Ita ce? An tabbata?"

"Mace ce, liman ya duba. Kuma daidai inda ya tsuguna."

Ba a daɗe ba suka fito. An jera ƙunshi-ƙunshi na farin yadi a kan makara biyu, amma ɗaya Maikano ya hana a ɗora, ya rungumo shi a ƙirji da kansa. Ɗan ƙarami ne, Hansai ta yi mamakin ƙanƙantarsa, Innar da take tunawa doguwa ce mai faɗin kafaɗa, tana ɗaukar tulu biyu. Da ya zo daidai ɗinya bai tsaya ba, ba a tsayawa, amma ya rage tafiya sosai, har ta ga inda danshi ya fara ratsa sabon yadin. Ta ɗaga Ummi sama kaɗan, ta juyo da fuskarta wajen.

"An bar wuri kusa da Baba?" ta tambaya.

"Akwai," in ji Maikano, bai waiwayo ba. "Ba manne ba, mutum biyu ne a tsakani. Ya yi haƙuri."

Yayyafi ya fara. Mazan suka kama hanyar tudu, matan bakin hanya suka dare suka ba su wuri. A cikin filin an bar ramuka a buɗe da tarin jar ƙasa, tsakaninsu kuma ga fili shafe, mai yawa, na waɗanda Malam Haladu bai bi ta kansu ba ranar nan. Hansai ta ja mayafi ta rufe kan Ummi, ta bi bayan makarar daga nesa, Dakta na gefenta da takalmi a hannu. A bayansu suka ji tim, ba wadda ta juya.